Kajin da Kawu Ya Gasa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya jaririnmu? Da fatan ɗinkin ya daina ciwo. Wayata ta faɗa cikin durom ɗin ruwa, shi ya sa na ba direba takardar nan.

Ki zauna kafin ki karanta. Jiya da tsakar rana aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, fankoki suka tsaya cak. Kajin ɗakin gaba, waɗanda kike ji da su, suka wangale baki suna haki, fukafukai a sake. Ina yayyafa musu ruwa suna kifewa a gabana. Yaya, fiye da rabi sun tafi. 

A gaida maigida.
Ƙaninki, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Innalillahi! Na karanta na sake karantawa, har nas ta zo ta auna jinina.

In na gaba sun mutu, na ɗakin baya ba sai na tambaya ba. Tun ranar da Kawu ya cika musu murhu da gawayi suna 'yan tsaki, ya ja labule, ya tafi hira wurin mai shayi, na cire rai da su. Da bakina na kore shi daga gonar, kuma ko Inna ta sake roƙo ba zai dawo ba. Ka haƙa rami babba, ya ɗauke su duka.

Yayarki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ban haƙa babban rami ba. Na baya suna nan da ransu!

Ni ma da shebur na shiga, sai na tarar da su tsaye suna wawar dusa. 'Yan kaɗan ne suka faɗi. Rufi ɗaya ne fa, zafi ɗaya, abinci ɗaya. Na tsaya baki buɗe kamar ni ne kazar.

Da likitan dabbobi ya zo na ce, "Likita, bambancinsu ɗaya na sani, waɗannan Kawu ya gasa su suna ƙanana." Ya cire tabarau ya ce, "Sake faɗa!" Wai ɗan tsako in ya sha zafi a kwanakinsa na farko bai mutu ba, jikinsa yakan koyi ƙera wani sinadari, wai shi furotin, da ke kare naman jiki kada zafi ya lalata shi, in babban zafi ya zo sai ya fito da shi da wuri. Ya ce masu bincike da ma'auni suke yi, Kawu sa'a kawai ya taka.

Na gaba ko gumi ba mu taɓa bari sun yi ba, in kaza tana gumi.

Yaya, Kawu kullum yana wucewa ta bakin gona. Ba ya shigowa, leƙe kawai yake ta waya, ya tambaye ni, "'Ya'yan nawa suna ci?" Ya rame. Me zan ce masa?

Allah ya ƙara sauƙi.
Auta

Auta,

Ka buɗe masa ƙofa, ka ce ina gaishe shi. Amma ka rantse ba za ka faɗa masa maganar likita ba. In ya ji, sababbin 'yan tsakin soya min su zai yi.

Yayarki