Mesar da Na Yi Jinya

Zuwa ga Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ƙafar Inna? Mu nan Panshekara sai godiya.

Yaya, mesa na yi jinya. Ina tasowa daga kamfaninmu na fata a Challawa, na tarar da wata 'yar ƙarama ta maƙale a wayar shinge, bayanta ya tsage. Kun san shekarun da na yi ina jeme fatun 'yan'uwanta. Idona har ya fara auna faɗinta, sai kunya ta kama ni. Na sa ta a buhu na kawo gida.

Mai ɗakina Habiba ta ce, "Malam, ko ita ko ni!" Na roƙi arziki, ta ba ni kwana goma. A tsohon duro na ajiye ta, kullum in wanke ciwon da ruwan gishiri, in shafa zuma. Rana ta tara, Habiba da kanta ta miƙo min zumar.

Jiya na sake ta a bakin kogi. Karo na farko ke nan da fata ta bar hannuna da mai ita a ciki.

A sa mu a addu'a. A gaida Inna da yara.

Ƙaninku,
Bala