Ƙararrawar Inna Larai da Jarkokin Alhaji Mainasara

Malama Juwairiyya Sada,
Gidan hayar Alhaji Mainasara,
Unguwar Kukar Mati, Daura.
Litinin, 27 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Magatakarda,
Daura, Jihar Katsina.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE MINI NA'URORIN GANO HAYAƘI GUDA BIYU, DA AJIYE FETUR A GIDAN DA MUTANE KE KWANA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni malamar firamare ce. Shekarata shida ina hayar ɗaki biyu a gidan Alhaji Mainasara Ɗantsoho, ni da mahaifiyata, Inna Larai, mai shekara saba'in da takwas. Gwiwoyinta ba sa ɗaukarta da sauri, kuma tun wata jinya da ta yi bara hancinta ya daina jin wari ko ƙamshi. Ina fita makaranta bakwai da rabi, ba na dawowa sai biyu. Ga abin da ya faru, daki-daki:

1. Ran Asabar, 20 ga Afrilu, ƙanena Munzali, mai aikin wayarin, ya zo daga Kano da wasu na'urori biyu farare masu kama da murfin kwano, waɗanda ke ƙara idan sun ji hayaƙi. Ya kafa ɗaya a silin ɗakin Inna, ɗaya a baranda, nesa da murhu. Ya nuna mini maɓallin da zan riƙa dannawa kowane mako don in tabbatar batir na da rai. Na bi ɗaki-ɗaki na gaya wa duk 'yan haya, na kuma aika wa Alhaji. Amsar da ya aiko ita ce kada a ɓata masa silin. Silin ɗin da ake magana, ranka ya daɗe, ruwan damina uku ya riga ya zana masa taswira.

2. Ba zan ɓoye laifina ba. Ran Talata, 30 ga Afrilu, na turara ɗakin Inna da turaren wuta na manta ban buɗe taga ba. Na'urar ta yi ihu na kamar minti ɗaya, kaji suka watse, na ba kowa haƙuri. Wannan ce kaɗai ɓarnar da ta yi a iya zamanta a gidan.

3. Ran Alhamis, 9 ga Mayu, da hantsi, ina aji, aka kawo wutar lantarki da ƙarfi. Wayar fankar Inna ta narke, ta kama gefen labule. Inna na gyangyaɗi, ba ta ji komai ba. Na'urar ce ta ji. Maƙwabciyata Hussaina, mai awara, ta yar da ludayi, ta kashe wutar gidan daga mita, ta shiga cikin hayaƙin ta jawo Inna waje. Mutanen unguwa suka zo da yashi suka kashe wutar. Mun rasa labule da rabin katifa. Ban rasa uwata ba. Da na iso na same ta zaune a tabarmar Hussaina, gefen zaninta a ƙone, tana tambayar ko an fito mata da carbinta.

4. A cikin wannan hidima ne wani bawan Allah ya ɓalle ƙofar ɗakin ajiyar Alhaji, wanda bango ɗaya ya raba shi da gadon Inna, don ya duba ko wutar ta tsallaka. Alhaji ya daɗe yana gaya mana hatsi yake ajiyewa a ciki. To, ranka ya daɗe, ni dai 'yar manomi ce daga Dutsi, amma ban taɓa ganin geron da ake ɗurawa a jarka ba, balle ya riƙa warin fetur. Jarkoki ne tun daga ƙasa har kusa da rufi. Waɗanda suka shigo gidan da gudu don taimako, da suka leƙa, sun fita da gudun da ya fi na shigowarsu.

5. Washegari bayan an sauko Juma'a Alhaji ya zo. Na shimfiɗa masa tabarma ina zaton jaje ya zo yi. Bai dubi Inna ba, silin ya duba. Ya nuna 'yar jar wutar da ke ƙiftawa a jikin na'urar, ya sanar da jama'a cewa ido ne, kyamara ce na kafa don ɗaukar hoton matan aure a gidansa, a tura wa Turawa. Ya ce shi ba za a keta shari'a a gidansa yana raye ba. Ya taka turmin Hussaina da kansa, da babbar rigarsa, ya ɓamɓare su duka biyun ya zuba a aljihu. Ban san abin da Turawa za su yi da hoton tsohuwa tana gyangyaɗi ba, amma na yaba da wannan kishin addini da ya sauko masa rana tsaka, kwana ɗaya tak bayan an ga jarkoki.

6. Ran Lahadi, 12 ga Mayu, muka zauna gaban Mai Unguwa. Aka kira Harisu mai gyaran waya, ya kwance ɗaya da sukundireba a gaban shaidu bakwai. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce shi dai batir ya gani da ƙura. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe Alhaji ya zo da guzurin wata. Ya ce ko ba kyamara ba ce, rashin tawakkali ce, domin wanda Allah ya rubuta zai ƙone ba roba ce za ta hana ba. Na nemi izini na tambaya ko kwaɗo uku da ya sake garƙama wa ɗakin ajiyar su ma cikin tawakkalin suke. Aka ce in yi shiru, mace ba ta yi wa dattijo haka. Da na ta da zancen fetur, Mai Unguwa ya ce ba shi aka kawo gabansa ba. Hukuncin da aka yanke shi ne in yi haƙuri, na'urorin kuma su zauna hannun Alhaji har ya gama bincike.

7. Ina farin cikin sanar da Mai Girma cewa binciken yana tafiya yadda ya kamata. Ran Talata, 21 ga Mayu, da la'asar, duk layinmu ya ji ƙarar da na sani kamar muryar ɗalibaina tana fitowa daga gidan da Alhaji ke zaune da iyalinsa, tsallaken titi. Hajiyarsa ce ta sa turare. Ita da bakinta ta gaya wa Hussaina cewa ɗaya na ɗakin Alhaji, ɗaya na ɗakin yara, kuma tun da aka kafa su hankalinta ya kwanta. Na yi murna da jin haka har zuciyata, domin yaran ba su yi mini komai ba. Abin da ban gane ba shi ne yadda na'ura ke zama haramun a wannan gefen titi, ta tsallaka kwalta ta musulunta.

8. A ranar dai aka kawo mini takardar notis cewa in tashi cikin wata ɗaya, saboda ina tara wa gida jama'a. Jarkokin ba a ba su notis ba. Suna nan, har sun yi baƙi, domin ran Asabar ɗin nan an ƙaro wasu a bayan a-kori-kura.

9. Mu goma sha tara ne ke kwana a gidan nan, takwas yara ne. Inna ta daina yarda ta zauna a ɗaki idan na fita. Tun safe take sa a kai ta bakin zaure da sandarta, ta wuni nan cikin zafin nan na bazara, wai don idan abu ya tashi kada ta wahalar da kowa wajen ɗauko ta. Ni kuma ina tsaye gaban allo, ko babur ya yi hon a waje sai alli ya faɗi daga hannuna.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma:

(a) Ya sa a dawo mini da na'urorina. Idan Alhaji ya shaƙu da su har rabuwa za ta yi masa wuya, na yafe masa, Munzali zai kawo wasu. Sai dai a ba ni izini a rubuce cewa zan kafa su ba mai taɓawa.

(b) Ya sa jami'an kashe gobara su zo su buɗe ɗakin ajiyar nan, a kwashe abin da ke ciki a kai inda doka ta ce a ajiye shi, tun kafin a zo yi mana gaisuwar da Alhaji bai samu zarafin yi ba.

(c) A janye notis ɗin, a kuma wanke ni a gaban mutanen da aka kira ni mai leƙen asirin matan aure a gabansu. Ina koyar da 'ya'yansu, kuma wasu sun fara kawar da kai idan na gaishe su.

Hussaina da Harisu sun yarda su ba da shaida. Duk ranar da aka ga dama a aiko, ƙofarmu a buɗe take. Roƙona ɗaya ga wanda za a turo: idan mai shan taba ne, don Allah ya kashe ta tun daga bakin titi.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci, ya tsare mu da wutar duniya da ta lahira, amin.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Malama Juwairiyya Sada

Kwafi zuwa: Mai Unguwar Kukar Mati, ko da yake ba zancen fetur aka kawo gabansa ba.