Ba Iro Ne Ya Kaɗe Saniyar Ba

Assalamu alaikum Hajiya mai kula da wannan shafi, tare da duk masu karatu. Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Ki ɓoye sunana, sunayen mutanen ciki ma na canza su. Kuma don Allah duk mai shirin zagina ya bari in kai ƙarshe tukuna, don babu zagin da zai yi mani wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Daga Batsari har Safana kowa ya yarda cewa Iro direba gyangyaɗi ya yi, ya kaɗe saniyar wani Bafulatani a hanyar Tsaskiya, ya gwara a-kori-kurar Yayana da gindin marke. A tasha ana faɗa, a gidan biki ana faɗa, har uwata ta faɗa. To ba haka ba ne. Iro bai yi gyangyaɗi ba, hannunsa ma ba ya kan sitiyari. Ni ke tuƙi.

Na gama sakandare bara, ina riƙe da aji a wata firamare kafin a kira ni makarantar nas. Babanmu malami ne, a zaurenmu yake ba da karatu. Yayana, wanda ake ce wa Alhaji, hatsi yake saye, kuma da kasuwa ta buɗe mashi ya ɗauko motar daga Kano a kan biya a hankali, masu motar suka ce sai ya yi mata cikakkiyar inshora kafin su ba shi makulli. Iro kuwa a gaban Baba ya yi sauka, ya girme ni sosai, yana da mata da 'ya'ya, kuma tun ina rarrafe yake shiga gidanmu. Ni na matsa mashi ya koya mani mota. Kullum sai ya ce, "'Yar Malam, ki rufa mani asiri, ke ba lasin, ni ba izinin Alhaji." Ni kuma in ce, "Matan Kaduna da ke tuƙi kai biyu gare su?" Ban bar shi ya sha ruwa ba sai da ya fara ba ni a fili bayan gari, in yi gaba in yi baya.

Ranar da abin ya faru na bi shi Tsaskiya in gaida gwaggona, shi kuma ya ɗauko wake. A dawowa, bayan la'asar, hanya ba kowa, na ce ya ba ni. Ya ƙi, na yi fushi, na ce ashe rowa ce da shi, ya gaji ya tsaya. Ni gajera ce, sai da ya jawo mani kujera gaba sosai ƙafata ta kai. Muna tafiya lafiya lau, har ina waƙa, sai ga shanu sun ɓullo daga bayan gero suna tsallake hanya. Iro ya ce "Birki!" Na taka. Totur na taka. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar da motar ta yi, da yadda farar saniyar nan ta hau bonet ta zame, da yadda marken ya taho. Sitiyari ya buge ni a ƙirji, numfashina ya ɗauke.

Kafin in dawo hayyacina Iro ya fizgo ni waje, ya zagaya da ni ɗaya ɓangaren ya zaunar da ni a ƙasa. Ya ce, "Ba ki taɓa motar nan ba. Kin ji ni? Ba ki taɓa ta ba." Na ɗaga kai, sai ga mai shanun tsaye da sandarsa, wani dattijo da muke kira Baffa Jaɓɓi, wanda duk shekara yake kawo wa Baba rago. Ya gan mu sarai. Sai ya ruga wurin saniyarsa yana kiran sunanta, sannan ya ɗaga murya, "Wuƙa! Wa ke da wuƙa? Kar ta tafi mushe!" Iro ya zaro tasa daga aljihun mota, ya juya ta alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka.

Ku da kuka san ƙauye kun san sauran. Mutane suka fito daga gonaki, aka yi ta salati, aka feɗe saniya a wurin, aka yi watanda don a rage wa Baffa asara. Mai gari ya zo ya ce ƙaddara ce, a yafi juna, Yaya zai cika wa Baffa abin da ya rage. Aka kawo shanun huɗa suka jawo motar daga jikin icen, don wai ba a barin dukiya ta kwana a daji, wata babbar mota ta ja ta zuwa Safana. Washegari aka tafka ruwa, ko sawun taya bai rage ba. Wa ya tuna da ɗan sanda? Wa ya tuna da hoto? Kowa gani yake an yi abin kirki an gama, sai Allah ya kiyaye gaba.

Sai da Yaya ya je Katsina ya dawo da takardun inshora muka san ba a gama ba. Dukkansu da Turanci suke, shi kuma iyakarsa elementare. Ya jefa mani su a cinya ya ce, "Ga amfanin bokonki ya zo, cike mana." Na zauna na karanta har ƙananan rubutun da ke baya, wanda ba mai karantawa. A nan na ga cewa in wanda ke tuƙi ba shi da lasin, kamfani ba ya biyan ko kwabo. Ina so ku gane wannan da kyau, don kar wani ya ce yarinya ce, ruɗewa ta yi. Ban ruɗe ba. Na karanta, na gane, ni kaɗai a gidan na gane, sannan na ɗauki biro, inda aka ce wa ke tuƙi na rubuta sunan Iro da lambar lasinsa. Na zana hanya, na zana ice, na zana saniya, har da kibiya mai nuna inda muka fito. Zanen ya yi kyau, Yaya har yaba mani ya yi. Iro ya sa hannu bai ko dube ni ba. 'Yan sanda ma da aka je daga baya, abin da ya faɗa suka rubuta.

Me na gaya wa kaina? Na ce ai ba wanda ya mutu. Na ce kamfani kuɗi gare shi, Yaya kuma in ba a biya ba zai yi ta biyan motar da ba ta tafiya. Na ce Iro ne ya fara, ni bi na yi. Amma kun san abin da ya biyo baya? Yaya ya karɓe makulli a gaban mutane ya ce mashi, "Ka je ka gama barcinka a gida." A tasha suka laƙaba mashi Sarkin Fawa. In ya wuce sai ka ji, "Sarkin Fawa, yau ta wa za a kayar? A ajiye mani hanta!" Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Sai ka kawo taka." Mutumin da bai taɓa ko taka kaza ba, yanzu ba mai ba shi mota, ya koma dako a kasuwar Batsari. Ni kuwa ana ta zuwa yi mani sannu, ana cewa Allah ya tsare 'yar Malam daga gangancin direba, ina amsawa da amin, ina ɓoye shatin sitiyari a ƙirjina har uwata ba ta gani ba.

Sai kamfani ya turo mutuminsa daga Kaduna, da kwat da kyamara da tef ɗin awo. Aka kai shi wurin, ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Ina alamar birki?" Aka ce ruwa ya wanke. "Ina saniyar?" Mai gari ya ce, "An cinye." "Fatar fa?" "Tana wurin majema." Mutane suka yi ta dariya, shi bai yi ba. Ya tambayi Baffa Jaɓɓi wa ya gani a mota, Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai saniyata na gani, idona bai kai ga mutane ba." Don kunyar Baba ya faɗi haka, na sani.

Da muka koma garejin Safana, mutumin ya buɗe ƙofar direba ya shiga. Gwiwoyinsa suka tokare da sitiyari. Ya yi ƙoƙarin tura kujerar baya, ta ƙi, bugun ya maƙale ta a inda Iro ya jawo mani ita. Ya fito, ya dubi Iro daga sama har ƙasa, Iro da sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu. Sannan ya juyo ya dube ni. Wallahi na ji kamar in nutse. Ya ɗauki hoton kujerar ya tafi. Bayan haka saƙo ya zo cewa tunda ba saniya, ba sawu, ba rahoton ranar, ba za su biya ba sai direba ya je gaban alƙali ya rantse shi ke tuƙi. Ku kuma kun san rantsuwar kotun alƙali ba ɗaga hannu ba ce. Alwala ake yi, a ɗora hannu a kan Alƙur'ani. An sa rana bayan Babbar Sallah.

Da Baba ya ji, ko a jikinsa. Ya ce shi dama bai taɓa son wannan inshorar ba, amma rantsuwa a kan gaskiya ba ta cutar da kowa. Ya ce wa Iro, ina tsaye da butar shayi a hannuna, "Ni na koya maka, ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Ni zan raka ka da kaina." Iro ya ce, "To, Allah gafarta Malam." Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ni ce shayin ya zube mani a ƙafa.

Shekaranjiya na tare shi a bayan masallaci da kwanon fura. Ya rame, wuyansa duk ya fito. Ya ce, "Na gode 'yar Malam, azumi nake." Na ce, "Azumin me? Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba." Ya kau da kai, na ƙi tafiya. Can ya ce, "Na kaffara ne. Ina yi tun yanzu, kafin ranar." Na ce, "Kai Iro, da kai da ni duk mun ji Baba yana karantar da cewa wanda ya rantse a kan ƙarya yana sane, azumi ba ya wanke ta." Ya ce, "Na sani." Na ce, "To don me?" Ya ce, "To in yi yaya? In tsaya gaban Malam in ce 'yarsa ce ta ja mota a hanya, ni na ba ta, kuma muka yi mashi ƙarya mu biyu? Alhaji ya rasa mota, ke ki rasa makaranta, 'yan sanda su zo gidan da na ci tuwo tun ina yaro? Ke dai ki yi shiru, ki je ki zama nas. Wata rana kya yi wa 'ya'yana allura." Har yana murmushi. Na ce mashi shi mahaukaci ne, na ajiye kwanon na tafi, na shiga ɗaki na yi ta kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Hajiya, ni ba mai haƙuri ba ce, ban iya zagaye-zagaye ba. Aikinsa na ci, sunansa na ɓata, duk na haɗiye na yi barci. Amma in zauna a kan benci ina kallo ya yi alwala ya ɗora hannu a kan Littafin Allah saboda ni, ubana yana gefe yana gyaɗa kai? Wace irin nas zan zama bayan wannan? Da wane hannu zan taɓa mara lafiya?

Na san abin da zai biyo baya. Kamfani ba zai biya ba. Yaya ba zai sake kallona ba, kuma yana da gaskiya. Wataƙila a ce na yi rubutun ƙarya a kai ni gaba, makarantar nas ta wuce ni. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fuskar Baba, don ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi.

Duk da haka abu ɗaya na riga na yanke, kuma ba a kansa nake neman shawara ba: Iro ba zai taɓa Alƙur'anin nan ba. Ranar Alhamis in Yaya ya dawo daga kasuwa zan same shi, in buɗe mashi baki in ce ni ce, in kai shi gareji ya ga kujerar da idonsa. In ya ce in yi shiru a bar Iro ya rantse, zan shiga motar da za ta kai su kotu ko ba a gayyace ni ba, in tashi tsaye kafin a kawo butar alwala.

Abin da na kasa shi ne zauren Baba. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofa, in ji muryarsa yana biya wa ɗalibai, in juyo. Ku iyaye da ke karanta wannan shafi, in 'yarku ce, ta ina za ta fara? In faɗa mashi ni kaɗai, ko in tafi da Iro, shi da ba ya so? Me zan yi?