Majigin Sinawa a Nakkasa

Makka, 9 ga Jimada Lawwal, 1377

Zuwa ga Yaya Fatsuma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya sa sanyin Madina bai tayar mata da ciwon ba. Mu nan unguwar Nakkasa lafiya lau, ni da autanmu Mahmudu. Tsirensa sai ƙara suna yake yi, har Larabawa na hawo tudu su saya.

Abin da kika ji gaskiya ne, kada dai Inna ta ji. Wani abokina da muka yi aikin jirgin ruwa tare ya bar mini majigi da wasan Sinawa guda ɗaya. Bayan la'asar muke kunnawa, a ɗakin ajiyar wani attajiri mai injin wuta, mu toshe tagogi da buhuna, don kin san a garin nan ba a yarda da shi ba.

Yaya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba! Wasu 'yan ta'adda ne a wani birni na bakin teku, suna da babbansu, ba mai ɗaga ido ya kalle shi. Amma zo ki ga ladabi. Ƙaton da ya gama karya mutum uku zai koma gida ya durƙusa ya miƙa wa tsohuwarsa shayi da hannu biyu. Ba sa cin abinci sai kowa ya zauna. Wannan ya burge ni ƙwarai. Abin da bai yi mini ba, a soke mutum da wuƙa yau, gobe ka gan shi yana taku kamar ƙaya ya taka. Mata kuwa ba su da aiki sai kuka a bakin ƙofa. Kuma duk gawar da aka zubar, ban ga an nuna wanda ya yi mata wanka ba.

Ni nake fassara. Kada ki yi dariya. Mutane sun ɗauka tun da jirginmu ya taɓa zuwa Singafo, na iya Sinanci, alhali daga sunan shayi sai na shinkafa na sani. Bakinsu na motsi, ni kuma ina zuba musu Hausa yadda ta zo mini. Akwai wurin da wani yaron babban ya miƙa kansa ga hukuma, aka ɗaure shi, ya fito aka tarye shi da motoci. Nan nake cewa ya ɗauki laifin yayansa ne, kuma namiji ba ya janye maganarsa. Rabe, shugaban 'yan dakon unguwar Kudai, har hawaye yake yi. Mahmudu ma ya kalla sau shida.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Ƙaninki,
Wada

Makka, 4 ga Rajab, 1377

Yaya Fatsuma,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Mahmudu yana tsare. An fasa rumbun wani mai dardumai, aka bi sawu har unguwarmu, shi kuma ya tashi da ƙafarsa ya je gaban alƙali ya ce shi ne. Yaya, ranar da aka yi satar muna tare da shi tun hantsi har magariba, yana yanka nama ina jera masa a tsinke. Kowa a Nakkasa ya san aikin Rabe ne.

Sai jiya na ji tushen abin. Ashe su bakwai suka haɗu suka yi irin rantsuwar da suka gani a majigi. Sinawan zakara suke yankawa su sha jininsa. Su kuma da yake Musulmi ne, suka yanka nasu da bismilla aka soye, maimakon jini suka zuba zamzam a ƙwarya ɗaya suka sha, sannan suka gangara Harami suka fuskanci Ka'aba, kowa ya rantse Rabe yayansa ne, ba zai taɓa bari a taɓa shi ba. Kin ji fa! Wasan 'yan ta'adda, a gaban Ɗakin Allah!

Shi Mahmudu a zatonsa ɗauri ne na shekara biyu ko uku, ya fito a tarye shi. Ya manta a wace ƙasa yake. Nan wanda ya amsa sata da bakinsa, hannu ake cirewa.

Alƙalin mutumin kirki ne. Sau biyu yana buɗe masa hanya, yana tambayarsa ko dai ya ruɗe ne, domin in ya janye maganarsa hukuncin ya faɗi. Ya ƙi. Limaminmu ya je ya gaya masa rantsuwa a kan ɓarna ba ta ɗaure kowa, ya ciyar da miskinai goma shi ke nan. Ya ƙi. Saura zama ɗaya, ranar Litinin. Gobe zan je in same shi da kaina.

Ki ce wa Inna zazzaɓi yake yi, ta sa shi a addu'a.

Wada

Makka, 19 ga Rajab, 1377

Yaya,

Ina gaishe ku. Na samu wasiƙarki, duk abin da kika kira ni na amsa, ba ni da bakin musu.

Na je na samu Mahmudu. Na tona kaina a gabansa, na ce masa ban iya Sinanci ba, duk maganar da ya ji daga bakin Sinawan nan tawa ce, a tsaye na ƙirƙira don a ji daɗi. Na gaya masa ni ban ma sani ba ko wancan da aka ɗaure a majigi shi ya yi laifinsa da kansa. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi mini muna yara in na cinye masa rabonsa. Sannan ya ce ya yarda ƙarya na yi, amma shi da ya tsaya gaban Ka'aba ba ƙarya ya yi ba. Na yi kuka, na kama ƙafarsa. Na je wurin alƙali na ce ranar muna tare, aka ce Mahmudu ya amsa da bakinsa sau uku, da hankalinsa.

An zartar da hukuncin ranar Juma'a bayan an sauko. Hannun dama aka cire.

Rabe ya bar gari tun kafin Litinin ɗin, an ce ya bi motar Ɗa'ifa. Cikin sauran biyar ɗin ba wanda ya leƙo. Ni kaɗai na ɗauko Mahmudu, a kan jakin mai ruwa. Majigin na farfasa shi da taɓarya, amma ban ji sanyi a raina ba ko kaɗan.

Ciwon yana warkewa. Yana cin abinci kaɗan, bai zagi Rabe ba, ni ma bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Tukubar tsirensa na nan yadda ya bar ta. Kullum da safe ni nake ɗaura masa mazagin wando, shi da ya haura shekara talatin. In na durƙusa gabansa sai ya juya fuskarsa bango har in gama.

Ya ce yana son ganin Inna. Za mu taso bayan sati biyu in Allah ya yarda. Na roƙe ki kada ki gaya mata komai, kuma kada ki tare ni a ƙofa don ki sassauta. Ni zan shiga in faɗa mata da bakina, ba ƙari ba ragi.

Ƙaninki,
Wada