Talotalo da Romonsa

Lahadi, 1 ga Disamba

'Yata Rosalind ta zo da mijinta Gavin, mai sayar da tagogi. Sun kawo mini furanni, sai ka ce na mutu. Ba ta zauna ba sai da ta leƙa kicin ta shinshina. Tun ranar da na bar tukunyar wake a kan wuta na fita sayen jarida, maƙwabta suka ga hayaƙi suka kira 'yan kwana-kwana, hancinta ya zama ɗan sanda. Tukunya ɗaya tak. Labulen da ya ƙone da ma ya tsufa.

Wai ta ga wani gida kusa da su, ɗaki da falo, da igiya a bango wadda mutum zai ja a kawo masa ɗauki idan ya faɗi. Ba ta ce gidan tsofaffi ba, amma ba a ƙauye na yi karatu ba. Ta ce, "Ba yanzu ba, Baba. Bayan Kirsimeti sai mu zauna mu yi magana."

Na ce a ina za a yi Kirsimetin? Gavin ya ce a gidansu mana. "Akwai talotalon da ake sayarwa a gashe, Sel, ɗumamawa kawai za a yi." Sel! Sunana Selwyn Holdsworth, kuma haka aka kira shi cikakke ranar da aka miƙa mini digiri.

Na ce a nan za a yi, a teburin matata Marjorie, kamar kowace shekara kafin ta rasu. Ni zan gasa talotalo, ni zan yi romo. Suka kalli juna.

"Baba, ko ƙwai ban taɓa ganin ka soya ba."

"To bana za ki gani."

Babu wanda ya furta, amma mu ukun mun sani. Idan abincin nan ya lalace, gidan nan ya tafi.

Talata, 3 ga Disamba

Me ya kai ni?

Alhamis, 5 ga Disamba

Na je wurin Illingworth mahauci na sa a ajiye mini talotalo. Tun muna makarantar firamare yake kira na Farfesa, ba don girmamawa ba.

"Kai za ka gasa, Farfesa? Bari in gaya wa 'yan kwana-kwana su fasa hutu."

Na ce ya kula da sikelinsa, na ga babban yatsansa yana yawan hawa kai. Matan da ke layi suka yi dariya. Ni suka yi wa ko shi, oho. Na ce ya haɗa mini da kayan ciki, wuya da ƙundu da hanta da zuciya. Ya ɗaga gira. Shekara da shekaru ina zaune a kicin da jarida Marjorie tana aiki, ashe idona yana ɗaukar wani abu.

Litinin, 9 ga Disamba

Gwaji da kaza. Kazar ta ciwu. Romon kuwa ya fito fari-fari, duk gudaji, kamar ruwan da aka wanke ulu. Na zubar.

Laraba, 11 ga Disamba

Ruwan sama. Na bi ta gaban tsohuwar masaƙa. Sun mayar da marinarmu gidajen haya, wata yarinya ta shanya wandon motsa jiki a daidai tagar ofishina. A wannan ɗakin na haɗa shuɗin da aka saya har ƙasashen waje. Na karanta kimiyyar haɗa sinadarai a jami'a lokacin da ba kowa ke shiga ba, na ba marina ƙuruciyata, suka rufe ta da wasiƙa mai layi uku da agogon bango. Daga nan sai sayar da fenti a kanti, ina ce wa yara sa'annin 'yata "ranka ya daɗe".

Yanzu kuma igiya a bango.

Juma'a, 13 ga Disamba

Kaza ta biyu. Na gano shi! Jakin banza ne ni ranar Litinin. Na zuba fulawa a cikin ruwa, alhali a cikin mai ake fara soya ta, a hankali, har ta canza launi, sannan a riƙa sa ruwa kaɗan-kaɗan. Rini ne kawai. Zafi, da haƙuri, da ido. Daga ruwan ƙasa mai haske zuwa launin shayi, daga nan zuwa launin tsohon katako, a nan ake tsayawa. Taku ɗaya gaba ya zama ɗaci.

Na sha da cokali a tsaye. Na ce, "Kin gani, Marjorie?" da ƙarfi, kamar mahaukaci. Da Rosalind ta ji ni da ta ƙara wannan a cikin hujjojinta.

Talata, 17 ga Disamba

Rosalind ta yi waya. Brenda za ta zo, uwar Gavin. Matar da ta taɓa ɗanɗana romon Marjorie ta ce "ba laifi". Marjorie ba ta yafe ba har ta koma ga Mahaliccinta.

"Baba, in ka ga abin ya yi maka yawa ka faɗa, ba abin kunya ba ne."

Na ce ta taho da kujera ɗaya, namu uku ne masu ƙafafu.

Litinin, 23 ga Disamba

Na ɗauko talotalon. Ƙato ne, fari fat, da ƙirji kamar na kansila. Na gwada shi ɗanye a obin, tandun gashi, ya shiga da ƙyar. Ya cinye firji gaba ɗaya, madara da bota suna waje a bakin taga. Sanyin garin nan ya yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa.

Talata, 24 ga Disamba

Na ɗora wuya da ƙundu da zuciya da albasa da karas da ganyen ƙamshi. Hantar na ajiye ta daban. Na jawo kujera na zauna a gaban tukunyar tun bayan abincin rana har duhu ya fara. Ban fita ba, ban ɗauki jarida ba, ko da masu waƙoƙin coci suka ƙwanƙwasa ban tashi ba. Wuta ƙasa-ƙasa, ina kwashe kumfa. Ruwan ya fito garau, launin zinariya. Ban taɓa haɗa abu mai kyau haka ba tun da aka rufe marina. Na bar shi a ɗakin ajiya ya huce da kayansa a ciki, gobe in tace.

Na fere dankali. Na goge cokulan Marjorie. Bayana yana ciwo.

Laraba, 25 ga Disamba

Sun tafi. Hular takardar da ake sawa a teburin Kirsimeti tana kaina har yanzu, kuma ba zan cire ba sai na gama rubuta wannan.

Talotalo ya shiga obin da safe, na shafe shi da bota ciki da waje, na shimfiɗa masa albasa a ƙarƙashi. Ina buɗewa ina yi masa wanka da mansa. Da na soka wuƙa a cinya ruwan ya fito fari tas, babu ja. Na fito da shi, fatar ta yi launin da nake so, na lulluɓe shi ya huta. Dankali ya shiga. Har lokacin komai yana bin umarnina.

Suka iso. Brenda tun daga bakin ƙofa: "Kai, Selwyn, gidan nan da sanyi yake! Ko da gangan ne don kada baƙi su daɗe?" Na ce dabarar ba ta aiki a kan kowa. Rosalind ta nufi kicin, na tare ta, na ce yau ba mai shiga.

Saura romo. Na ɗauko tukunyar jiya. Brenda tana ta ƙwala mini kira daga falo, wai ina na kai hoton bikin Rosalind da ke kan talabijin. Ina ba ta amsa ta kafaɗa. Na ajiye mataci a kwamin wanke-wanke, kamar yadda nake yi kullum idan zan tsane wake ko taliya, na juye tukunyar.

Sai da na ji ƙarar bututu yana haɗiya sannan na duba. Zinariyata duka ta bi magudana. Abin da ya rage a mataci wuya ne da karas da ya mutu.

Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Da na juya, ga Gavin a bakin ƙofa da kofuna a hannu. Ya ga komai. Na ce a raina shi ke nan, gidan ya tafi, kuma a hannun mai sayar da tagogi.

Ya tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Ya ajiye kofunan, ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da gwangwanin garin romo na kanti.

"Roz ce ta ce in taho da shi, ko da wani abu. Ruwan zafi kawai, Sel. Ba wanda zai sani."

Na ce uwarsa za ta sani tun kafin ya kai harshenta. Na ce ya mayar da wannan ƙasar aljihu, ya tsaya a ƙofa, kada mace ta shigo.

Na ɗora farantin gashin a kan wuta. Albasar ta manne a ƙasa, ta yi duhu, saura ƙiris ta ƙone amma ba ta ƙone ba. Na kwashe yawancin man, na soya hantar a sauran, na daddatsa ta. Fulawa. Juyawa. Idona yana kan launin. Ruwan da na tafasa dankali yana nan a tukunya, don ta yi mini nauyi da safe na tsamo dankalin da cokali. Shi na riƙa zubawa, ludayi bayan ludayi, ina kankare duk abin da ya manne. Na zare naman wuyan na watsa. Na ɗaga talotalon, ruwan da ya tsatso a ƙarƙashinsa na juye a ciki har ɗigon ƙarshe.

Rosalind ta ƙwanƙwasa. "Me kuke yi ne a ciki?"

Gavin ya ce, "Hirar ƙwallo muke yi!"

"Baba bai san komai a ƙwallo ba."

"Shi ya sa abin yake ɗaukar lokaci!"

Launin shayi. Launin katako. Na kashe wuta. Wannan karon kwano na sa a ƙarƙashin mataci, kuma na ga Gavin ya duba ya tabbatar, ya yi kamar bai duba ba. Na miƙa masa cokali. Ya ɗanɗana, ya zagi wani abu a hankali, zagin yabo.

Ni na yanka talotalon a teburi, a tsaye, a mazaunina. Naman bai bushe ba. Kwanon romo ya zagaya. Brenda ta zuba kaɗan, irin zubin wanda ba ya sa rai. Ta ci. Ta sake ci. Sai ta ce, "Miƙo mini kwanon nan, Gavin." Ta malale farantinta.

"Wa ya koya maka wannan, Selwyn?"

Na ce jami'a.

Rosalind ta ce, "Bai yi kama da na Mama ba." Ta ƙara cokali. "Ya fi nata duhu. Baba, kada ka gaya wa kowa na faɗa, ya fi nata." Ta tashi wai za ta ɗauko gishiri, alhali gishirin yana gabanta.

An shanye romon tas. Brenda ta suɗe kwanon da guntun dankali, a gaban shaidu.

Gavin bai tona mini asiri ba. Na yi ta kallon bakinsa har aka ci kayan zaƙi.

Alhamis, 26 ga Disamba

Rosalind ta yi waya da hantsi. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce gidan nan mai igiya ta gaya musu su ba wani. "Ka zauna a gidanka, Baba. Na yi gaggawa."

Na ce na sani.

Na ci! Na zagaya ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, har na bene, ina taɓa bango. Nawa ne. Gobe zan bi ta shagon Illingworth, ba don in sayi komai ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Talotalo da burodi. Talotalo da dankali. Talotalo a miya. Tsuntsun nan ba ya ƙarewa.

Litinin, 30 ga Disamba

Abin yana dawo mini idan ina wanke-wanke. Hannun nawa ne, ina kallon sa yana juye tukunyar, amma ba ni na aike shi ba. Kowa yana iya yin haka. Na tabbata mata da yawa sun yi. Brenda ce da surutunta.

Duk da haka.

Na kira Gavin a wurin aikinsa, ba a gida ba. Na ce famfon kicin yana ɗiga, ko zai leƙo ya duba. Ya zo da rana da jakar kayan aiki. Ya daɗe yana kallon famfon, ya murɗa, ya sake murɗawa. Ya ce irin wannan sai an riƙa duba shi, wataƙila duk ranar Asabar. Na ce shi ya san aikinsa.

Mun sha shayi. Ya cinye mini sauran talotalon, Allah ya yi masa albarka. Da zai tafi na ba shi makullin ƙofar baya, wanda ke rataye tun na Marjorie. Na ce saboda famfo ne, idan ya zo ba na nan, ko ban ji ƙwanƙwasawa ba. Ya sa a aljihu bai tambayi komai ba.

Famfon yana ɗiga. Kaɗan. Idan mutum ya kasa kunne sosai.