Abin da Wendell Yake Faɗa

Duluth, 3 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Yolanda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki, kuma ciwon hannun nan ya sake ki. Na gode da furannin da kika aiko ranar da muka binne mawaƙinmu Wendell. Da ya gan su, cewa zai yi, "Yoli ta zama matar manya."

Na kasa zama wuri ɗaya. Na naɗe wayoyin jita, na warware, na sake naɗewa. Mai ba mu haya ya ce mu kwashe kayan kiɗanmu daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa kafin ƙarshen wata, sai ni da Otis mai jita muka ce za mu yi wasan ƙarshe a ciki. Otis ya ce shi ko a wanka ba ya waƙa, don haka ni zan yi, daga bayan ganga.

Ga abin kunyar. Shekara ashirin da biyu ina dukan ganga a bayan mutumin nan, ban san baiti ɗaya na waƙoƙinmu ba. Kin san kiɗanmu na pank mai sauri da hayaniya, kin san ihun Wendell. Bai taɓa rubutawa ba. Na saurari kaset ɗinmu uku har kunnena yana ƙara, ban tsinci komai ba. Ke kika tsaya gefensa shekara tara kafin ki koma Tucson. Don Allah rubuto mini abin da kika tuna. In ke ma babu, to sun bi shi ke nan.

Taki,
Darlene

Duluth, 17 ga Oktoba

Yoli,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso, kuma na yi fushi da ke kwana biyu. Wai babu baitoci ko kaɗan? Wai abin da ya ɓata masa rai a ranar shi yake ihu a kai, yau shugabansa a wurin aiki, gobe haƙorinsa? Na tambayi Otis, ya ce, "Haba Dar, na zaci kin sani. Akwai ranar da waƙar gaba ɗaya a kan miyarki ce."

To me zan rera? Na zaga bakin tafkin garin nan sau uku ina wannan tunani. Saura kwana takwas.

Darlene

Duluth, 26 ga Oktoba

Aminiyata,

Ina fatan kun tashi lafiya. An yi wasan jiya. Mutum sittin suka matsu a ɗakin, har da masu furfura da ba mu gani ba tun zamaninki.

Na ƙirga huɗu don a fara kiɗa, Otis ya shiga da jita, na buɗe baki babu komai. Muka tsaya. Wani daga baya ya ce, "Ke Darlene, me ya ɓata miki rai yau?"

Sai na sake ƙirgawa. Cikin kiɗan na yi ta ihu ina zagin Wendell, Yoli. Na ce ya ɓoye mana ciwonsa wata biyar, ya bar ni ina masa tsiya wai ragwanci ne ya hana shi ɗaukar lasifika. Na faɗi komai. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, sai tsalle suke suna bangazar juna.

Da muka gama ƙanwarsa ta riƙe ni, ta ce in rubuta mata baitocin. Na ce mata ba a rubuta su.

Yau muryata ta dushe. Ki gaida maigidan.

Taki har kullum,
Darlene