Ƙaron Malam Cha'ibu

Faransa, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Baba, Malam Cha'ibu, Urafan.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ladabi. Ina Inna da yaya Harisu?

Baba, hankalina a tashe yake. Aikin batir da aka ba ni a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, ya ƙi. Wani baƙin gari ne na kabon, ƙwayoyinsa kamar zare, ido ba ya ganinsu. Sai ya baje sarai cikin ruwa kafin a shafa shi a farantin batir. Na gwada magunguna huɗu dangin sabulu, amma kullum sai in tarar ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba. Farfesa ya ce in bai yi ba zuwa ƙarshen Mayu, za a yanke mini bursu, wato kuɗin karatu, in dawo gida. Don Allah kada Inna ta ji.

Ɗiyarka, Hafsa

*

Urafan, 11 ga Afrilu

Hafsa, wa alaikis salam. Kowa lahiya. Innarki ta riga ta ji, don Harisu a tsakar gida ya karanta, da wannan murya tashi. Tun ranar tuwo bai shigam mata ba.

Ni ban san batir ba sai na tocila. Amma shekara arba'in ina haɗa tawada, kuma baƙin tukunya haka shike kwantawa in babu ƙaro. Kin manta wa ke tace mini shi? Ki jiƙa, ki tace, ki zuba garin kaɗan-kaɗan kina damawa. Na ba Mahaman mai tahowa can ƙulli guda.

Allah shi dafa miki. Babanki

*

12 ga Mayu

Baba, ina gaisuwa. Ƙaron ya iso, garin ya baje! Kwana biyar bai kwanta ba. Amma batir ya ƙi ɗaukar wuta, ƙaron ya lulluɓe ƙwayoyin. Saura kwana sha tara, tsoro nake ji ƙwarai. Ban gaya wa farfesa abin da na zuba ba, kunya ta hana ni.

Hafsa

*

14 ga Mayu

Hafsa, muna amsawa. Hoton wasiƙarki ya iso wayar Harisu, ta nan wannan ma za ta zo miki. Kin cika hannu, halin Innarki wajen gishiri. Tawada mai yawan ƙaro sai sheƙi, ba ta barin alƙalami. Ki yi ta ragewa har garin shi kusa kwantawa, nan za ki tsaya.

Kunyar kuwa, ta ƙaro ce ko ta mai ƙaro?

Babanki

*

29 ga Mayu

Baba, ina gaisuwa da ladabi. Kwalba ta tara ta yi, batir ya ɗauki wuta, bursu na nan. A gaya wa Inna ta ci tuwo.

Farfesa ya tambayi littafin da na samo dabarar. Na miƙa masa wasiƙunka biyu, na fassara masa duka, har tambayar ƙarshe.

Ka yafe mini, Baba.

Hafsa Cha'ibu